Allon da ke Ƙofar Kowane Gida: Bayani a kan Masu Tsaron Jiki da Allurar Sanƙarau

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya sanya masa masu tsaro a cikin jikinsa, ba su barci dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya girma a ƙasar Batsari ko ta Safana ya san abin da bazara ke tafe da shi. In ƙurar hunturu ta gama busar da hanci da maƙogwaro, zafi ya sauko, sai hankalin iyaye ya tashi, gama lokacin sanƙarau ke nan. Yaro ya tafi makaranta da safe lafiya lau, da azahar kai ya kama ciwo, jiki ya yi zafi, da dare wuya ya sanƙare, wani kafin rana ta sake faɗuwa an yi masa sutura. Cikin waɗanda suka tashi kuwa, wani ya zama kurma, wani hankalinsa ya raunana. Manya ba su manta da shekarar 1996 ba, wadda ta yi daidai da 1416 ta Hijira. A shekarar nan mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu.

Tun daga wannan lokaci akwai wata tambaya da ke yawo a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa. An yi wa mutane allura a shekarar annoba, bayan ƴan shekaru cuta ta komo. A 2011 aka zo da wata, aka ce ta fi ta farko. Ga shi kuwa a 2017 sanƙarau ya sake ɓarkewa. To, allurar nan tana da amfani ko ba ta da shi? Tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa. Amma ba a gane amsar sai an san yadda masu tsaron jiki suke rarrabe ɗan gida da baƙo.

Fasali na farko: birni da gidajensa

A ƙaddara jikin mutum birni ne. Fata ita ce ganuwarsa. A cikinsa akwai gidaje ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, su ake kira ƙwayoyin jiki, yawansu ya kai wajen miliyan sau miliyan sau 30. A cikin lungunan birnin akwai dogarai masu zagayawa, watau wani kashi na fararen ƙwayoyin jini, likitoci suna yi musu alama da harafin T.

Ganuwa tana tare maƙiyin da ke waje. Amma wasu cututtuka, kamar ƙyanda da mura, ba su tsayawa a fili. Sukan kutsa cikin gida su ja ƙofa, su mai da gidan masaƙar da ake yin irinsu. Dogari kuwa ba shi ganin abin da ke bayan katanga. Ta yaya zai san gidan da ɓarawo ya sauka?

Ga hikimar da Allah ya shirya. Dukan abu mai rai an gina shi da wani abu da ake kira furotin. Shi furotin kamar dogon layin rubutu yake, haruffansa iri 20 ne, kuma kowace halitta da irin rubutunta. Kowane gida a cikin birnin nan kullum yana ɗaukar furotin ɗin da ke cikinsa yana yayyankawa guntu-guntu, kowane guntu harafi 8 zuwa 10. Sa'an nan ya ɗora guntun a kan wani ɗan allo mai kwarmi a tsakiya, ya fito da shi ya rataye a bakin ƙofa. Ba allo ɗaya ba ne, dubbai ne a kowace ƙofa. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri, domin haka mai hatsi ke yi: ba ya zazzage buhu a ƙasa, sai ya ɗebo kaɗan ya zuba a faifai, mai saye ya duba ya san abin da ke ciki.

In gida lafiya yake, rubutun gida ne kaɗai a allunansa, dogari ya duba ya wuce. In kuwa cuta ta sauka a ciki, to, furotin ɗinta ma yana shiga cikin abin da ake yankawa, sai ga baƙon rubutu a bakin ƙofa. Gidan da kansa ya tona asirin baƙonsa. Dogarin da ya gane rubutun sai ya rushe gidan nan da abin da ke cikinsa, ya bar maƙwabta. Wannan kashi na dogarai su ne masu zartar da hukunci, kamar Hauni a fadar sarakunan da.

Dogari ba ya bukatar ganin cuta gaba ɗayanta. Gardin da ya haddace, in an ja masa kalma uku daga tsakiyar sura, ya san inda aka ɗauko. Bambancin dai shi ne, kowane dogari guntu ɗaya ya sani, ko ƴan kaɗan masu kama da shi. Yawansu ne da sassaɓawarsu ya sa da wuya a kawo rubutun da ba a sami mai karanta shi a cikinsu ba.

Fasali na biyu: abin da ke faruwa a cikin kaluluwa

Akwai kuma cututtukan da ke yaƙi a fili, cikin jini da ruwan jiki. Ƙwayar sanƙarau tana cikin irin waɗannan: takan zauna a maƙogwaro, in ta sami hanya ta shiga jini, ta haura zuwa mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Saboda irinsu aka yi allo na biyu, wanda ba kowane gida ke da shi ba, sai ma'aikatan tsaro.

Cikin ma'aikatan nan akwai ƴan sintiri, suna zaune ƙarƙashin fata da cikin hanci da maƙogwaro. Wani masani a Amurka, Ralph Steinman, shi ya fara bayyana su a 1973. Aikinsu shi ne su haɗiye duk baƙon da suka tarar, su yanka furotin ɗinsa guntaye masu ɗan tsawo, harafi 13 zuwa 25, su ɗora a allo na biyu, su kama hanya zuwa zaure mafi kusa inda dogarai ke taruwa.

Zauren nan kowa ya san shi, ko da bai san aikinsa ba. Manomi ya sari ƙafarsa da fartanya a gona, bayan kwana biyu ya ji wani ƙullutu mai zafi a matsematsinsa, ya ce kaluluwa ta fito masa. To, kaluluwa ita ce zauren. Can ɗan sintiri ya kai allonsa, dogarai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Masu duba allo na biyu su ne masu ba da izini: ba su kisa da hannunsu, amma ba a ɗaura babban yaƙi sai da yardarsu. Wanda ya san guntun da aka kawo, a karo na farko, bai fi ɗaya cikin 100,000 ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. In an dace da shi, sai ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su zama runduna. Taruwar nan da yaɗuwar nan su ke kumbura kaluluwa.

A cikin zauren akwai kuma maƙera, waɗanda likitoci ke yi wa alama da harafin B. Su ke ƙera kibau masu yawo cikin jini, kowace kibiya da irin cutar da take kamawa. Maƙeri yakan cafke cutar da ya gane, ya haɗiye, ya yanka, ya ɗora guntu a allonsa ya nuna wa mai izini. In mai izini ya karanta ya gane, sai ya ba shi umurni. Daga nan maƙeri ya hura wuta sosai, ya yi ta gyara kibansa har su yi kaifi, ya kuma bar magada waɗanda za su riƙe sana'ar shekara da shekaru. Magadan nan su ne dalilin da ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi.

Sai mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa maganar ta ginu: aikin nan duka, tun daga sintiri har fitowar kibau, yana cin mako ɗaya ko biyu a karo na farko. Sanƙarau kuwa yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Fasali na uku: makarantar dogarai

Mai tunani zai ce, me ya hana dogarai su far wa ƴan gida? Abin da ya hana shi ne karatu. A bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira taimus, daga sunanta aka ɗauko harafin T. An daɗe ba a san amfaninta ba, sai a 1961 Jacques Miller ya nuna a London cewa ɓeran da aka cire masa ita yana jariri ba ya iya kāre kansa daga cuta. Ita ce makarantar allon dogarai. Tana da girma a jikin yaro, bayan balaga ta riƙa shanyewa a hankali.

Ana yi wa almajiran makarantar nan jarrabawa biyu. Ta farko, a nuna wa almajiri allon gidansu. In bai iya riƙe shi ya duba ba, ba shi da amfani, sai a kawar da shi. Ta biyu, a nuna masa rubutun ƴan gida. In ya zabura zai kai sara, mai haɗari ne, shi ma a kawar da shi. Fiye da 90 cikin 100 ba su kai ga sauka. In aka yi rashin sa'a wani mai saran ƴan gida ya kuɓuce, shi ke jawo irin cututtukan da jiki ke cin kansa, kamar ciwon sukarin da ke kama yara. Tamowa kuma tana shanye makarantar nan, shi ya sa yaron da yunwa ta ci kowace cuta ke kayar da shi.

Daga jarrabawar farko wani sharaɗi ya fito. Dogari ba ya karanta guntu a sake, kuma ba ya karanta shi a kan allon wani gida. Sai an haɗa biyu: allon gida da baƙon rubutu. Kamar takardar sarki ce, wadda ba a aiki da abin da ke cikinta sai an ga hatimi. Peter Doherty da Rolf Zinkernagel su suka gano wannan a birnin Kanbera na Ostareliya, suka bayyana shi a 1974, aka ba su kyautar Nobel a 1996, watau shekarar annobar nan. A 1987 kuma masana a Jami'ar Harvard suka fitar da siffar allon, aka ga kwarmin da guntu ke kwanciya a ciki.

Fasali na huɗu: allo gādo ne

Likitoci suna kiran allunan nan HLA. Wani likitan Faransa, Jean Dausset, shi ya bayyana na farkonsu a 1958. Mutum yana gādon rabinsu daga uba, rabi daga uwa, kuma an ƙidaya irinsu fiye da 30,000 a cikin ƴan Adam. Kowane iri da sassaƙar kwarminsa, saboda haka guntun da ya zauna daram a allon wani, ba ya zama a na wani.

Wannan ya sa in za a dasa wa mutum ƙoda, kamar yadda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, akan fara duba ƴan'uwansa. Dogarai in sun ga allon da ba na gidansu ba, sai su ɗauka gari ya ci, su far wa ƙodar. Shaƙiƙai kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, akwai damar ɗaya cikin huɗu allunansu su zo daidai.

Haka kuma ya bayyana wani abu game da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke cika gidaje da damina. Ƙwayarsa takan fara sauka a hanta, ta yi wajen mako ɗaya, sa'an nan ta faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Su jajayen ƙwayoyi kusan ba su rataye allo, saboda haka maɓoya ce mai kyau gare ta. A hanta ne masu hukunci suka fi samun damarta. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka bayyana binciken da suka yi a kan yaran Gambiya, inda suka sami cewa masu wani allo da ake kira B53 sun fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Allon nan yana da yawa a Afirka ta Yamma, ƙalilan ne a Turai. Sassaɓawar alluna rahama ce: annoba ɗaya ba ta samun dukan mutane da rauni iri ɗaya.

Fasali na biyar: amsar tambaya

Yanzu a koma ga sanƙarau. Ƙwayarsa tana sanye da riga, kuma rigar ba ta furotin ba ce, ta wani irin sukari ce. Sukari ba shi da haruffa. Ya yi kama da zayyanar allon sauka: ado ne mai maimaita kansa, ido na gani, amma ba a karanta shi. Maƙeri yana gane zayyana, mai izini kuwa rubutu kaɗai yake karantawa.

Tsohuwar allura, irin wadda aka yi aiki da ita a 1996, rigar ce zalla. Maƙeri ya cafke ta, amma ba shi da rubutun da zai ɗora a allo, saboda haka bai sami izini ba. Sai ya ƙera ƴan kibau bisa ra'ayin kansa, bai bar magada ba. Ta ceci rayuka a tsakiyar annoba, amma ƙarfinta bai wuce wajen shekara 3 ba, ga yara ƴan ƙasa da shekara 2 kuwa bai kai haka ba. Wannan ne dalilin komowar cuta.

Da masana suka gane sirrin allo, sai suka yi dabara. Suka ɗaure rigar sanƙarau da wani furotin, wanda aka samo daga dafin tetanas, ciwon nan mai sarƙe haƙora, bayan an kashe dafin. Maƙeri ya cafki riga, ya haɗiye ta tare da furotin ɗin da ke ɗaure da ita, ya yanka furotin ya ɗora a allo, mai izini ya karanta ya ba da umurni. Sai aka sami kibau masu kaifi a kan rigar, da magada masu daɗewa, har a jikin jarirai. Kibau ɗin kuma suna korar ƙwayar daga maƙogwaro, ta yadda mai lafiya ba ya ɗaukar ta ya kai wa wani. Wannan ita ce MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Jihar Katsina a Disamba 2011, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Irin sanƙarau da aka yi ta dominsa, wanda ake kira A, shi ne na 1996, kuma bayan allurar nan ya ja baya har ya kusa ɓacewa daga ƙasashen Sahel.

To, na 2017 fa? Wannan wani iri ne dabam, ana kiransa C. Ya ɓullo a ƙarshen 2016 a ƙasar Zurmi ta Zamfara, wadda ke bayan daji yamma da Batsari, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, fiye da mutum 14,000 suka kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Zayyanar rigarsa dabam ce, kibiyar da aka ƙera domin A ba ta kama shi. Ashe allura ba ta yi ƙarya ba. An ɗaure ɓarawo ɗaya ne, ɗan'uwansa ya shigo da wata riga. Saboda haka aka haɗa wata allura mai riguna biyar, A da C da W da X da Y, kowace ɗaure da furotin, kuma Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da ita, a watan Maris 2024.

Tambihi

Abu uku ne suka kamata ga mai gida da mai makaranta da mai fatauci.

Na farko, allura ba ta kawo wa jiki baƙin sojoji. Dogarai na Allah ne, da su aka haifi yaro. Abin da allura ke yi shi ne ta kai musu allo tun maƙiyi bai zo ba, domin makon nan biyu na shiri su wuce cikin zaman lafiya. Magadan kuma ba a gādonsu daga iyaye: uba ya sha allura a 2011, ɗan da aka haifa bayan nan sai an yi masa tasa. Shi ya sa a 2019 aka shigar da allurar sanƙarau cikin alluran jarirai, ana yi in yaro ya kai wata 9. Kumburi kaɗan ko ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan allura alama ce ta cewa zaure ya cika, ana karatu.

Na biyu, cutar tana bin numfashi, tana son cunkoso. Ɗakin da almajirai da yawa ke kwana, da masaukin fatake, da gidajen da suka karɓi ƴan'uwa, kamar yadda aka gani a 2019 sa'ad da ɓarayin daji suka tashi ƙauyuka mutane suka kwararo cikin garin Batsari, duk wurare ne da ya kamata a buɗe tagogi, a rage matsi da bazara, a kuma fara kai mazaunansu in masu allura sun zo. Malami makiyayi ne, yaran da iyaye suka ba shi amana suna wuyansa.

Na uku, in an ga zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, kada a jira gari ya waye. A yi addu'a a kan hanya, a nufi asibiti, gama akwai maganin da ke kashe ƙwayar in an zo da wuri.

Riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Sananne ne cewa Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, ya juyo da jama'a daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, bayan ya yi shawara da sahabbai. Wanda ya halicci cuta shi ya halicci allo da mai karanta shi, shi ne kuma ya sanar da bayinsa yadda za su amfana da su.

Allah ya kiyaye ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina da sauran ƙasashen Musulmi daga annoba da fitina, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya raya zuriya cikin lafiya da imani. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.